Ƙafata ta tsotse bayan ɗori, gwaggo ta ce jifa ce

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne mai shekara 26, ina zaune a unguwar Yelwa cikin Garwa, a ƙasar Kamaru, sana'ata haya da babur. A farkon damina na yi hatsari a hanyar Pitowa ranar kasuwa, ƙwaurina na dama ya karye. Aka kai ni wurin mai ɗori, ya ɗaure da karare da tsumma, na yi kusan wata uku a kwance ban taka ba. Ranar da aka kwance, Baba, sai na ga ƙafar kamar ba tawa ba. Sha-raɓar ta zube, cinyar ta rame, in na tsaya sai ta ɗauki rawa. Har yau a zaune nake salla. Gwaggona ta ce jifa ce, don an sa ranar aurena, saura wata bakwai, kuma akwai wanda ya nemi yarinyar bai samu ba. Abokaina a tasha sun ce in sha deksa in murmure, in haɗa da tiramol in koma aiki. Mai ɗorin ya ce in ci gaba da gashi da ruwan zafi da man shanu, kar in cika takawa. Na kuma ji an ce wani kawun yarinyar yana cewa ba za su ba gurgu 'ya ba. Gidansu ma na daina zuwa. Shin ƙafar nan za ta dawo, ko in haƙura da auren? Ɗanka, daga Garwa.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Mafi yawan masu irin lalurarka ƙafarsu tana dawowa. Amma ba gashi ne zai dawo da ita ba, ba ƙwaya ba, ba kuma ƙarin kwanciya ba, domin kwanciyar ce ta cinye ta tun farko. Akwai abu biyu da sai an duba kafin ka fara komai, zan zo kansu. Bari tukuna in nuna maka abin da ya zube ɗin, don wanda bai san yadda naman jikinsa yake ba, duk abin da aka faɗa masa a kai sai ya ɗauka.

In an yi miya da naman ƙafar saniya a gidanku, ka ɗauki tsoka ɗaya da ta dahu lugub ka yaga ta da yatsa. Za ka ga tana rabuwa sili-sili, duk sun miƙe fuska ɗaya. Su ne masu dambun nama ke dakawa su warware. Kowane sili da idonka ya gani dami ne na zarurruka masu yawa, kowane zare bai wuce kaurin gashin kai ba, kuma shi kansa ƙwayar halitta ce guda ɗaya, mai rai, doguwa. Farar yanar nan da mahauci ke fama da ita da wuƙa, ita ce ta naɗe kowane zare, ta naɗe kowane dami, ta lulluɓe tsokar gaba ɗaya, sannan ta tattaru a ƙarshe ta zama agara ta kama ƙashi. Kai hannu bayan idon sawunka, sama da diddige. Igiyar nan mai tauri da ka ji ita ce agarar sha-raɓa, babu wadda ta kai ta ƙarfi a jikin mutum.

Irin wannan tsoka, mai manne da ƙashi wadda kake motsawa in ka ga dama, ta haura 600 a jiki, kuma a namiji lafiyayye takan kai wajen kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. Akwai wasu iri biyu da ba sa jiran umarninka: tsokar zuciya, da wadda ke bangon hanji da mafitsara da jijiyoyin jini. Waɗannan ba su ne damuwarmu yau ba.

A cikin kowane zare akwai furotin iri biyu da aka jera a tsakanin juna, siriri da kakkaura, sunansu aktin da mayosin. Mayosin yana da 'yan kawuna da ke cafke aktin su ja, su saki, su sake cafkewa a gaba, yadda mai jan ruwa a rijiya ke jan igiyar guga hannu bayan hannu. Ba wanda ya gajarce a cikinsu, shigewa juna suke yi, kuma idan miliyoyinsu suka ja lokaci ɗaya sai tsokar ta dunƙule ta jawo ƙashi. A 1954 ne tawagogi biyu na masu bincike suka fito da wannan bayani lokaci guda, ɗaya ta Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, ɗaya ta Hugh Huxley da Jean Hanson, kuma abin dariya, Huxley ɗin biyu ba dangin iya ba na baba.

Tun da ja kawai tsoka ta iya, ba ta iya turi, dole kowace gaɓa ta sami masu ja ta fuska biyu. A gaban cinya akwai tsoka huɗu da suka haɗu suka bi ta ƙoƙon gwiwa, su ne ke miƙe ƙafa, su ne ke ɗaga ka daga sujada. A bayan cinya akwai uku masu lanƙwasa gwiwa. Sha-raɓa ce ke danna tafin ƙafa ƙasa, ita ke taka maka birkin baya a babur. A gaban ƙwauri, daga gefen waje, akwai wata doguwa da ke ɗago ƙafa da yatsu sama don kar ka yi tuntuɓe. Ka riƙe wannan ta ƙarshen, za mu dawo kanta.

Duk wannan ba ya motsi sai da izini. Saƙo na fitowa daga ƙwaƙwalwa ya bi ta laka, ya shiga jijiyar saƙo har zuwa jikin zaren. A nan jijiyar ke zubo wani sinadari, asetilkolin, sai zaren ya buɗe ma'ajiyar kalsiyam da ke cikinsa, kalsiyam ɗin ne ke buɗe wa kawunan mayosin wurin kamawa. Kuɗin aikin kuwa wani sinadari ne da ake kira ATP, wanda jiki ke ƙerawa daga abinci da iskar da kake shaƙa. Har sakin ma sai an biya da shi. Shi ya sa nama ke sandarewa 'yan sa'o'i bayan yanka, abin da kowane mahauci ya sani, masu wankan gawa ma sun sani: ATP ya ƙare, kawunan sun kama ba su da abin saki.

To me ya faru da taka ƙafar? Tsoka abu ce mai tsadar riƙo. Kullum jiki na rushe tsohon furotin a cikinta yana gina sabo, kuma abin da ke sa ya ci gaba da ginin shi ne nauyin da ake ɗora mata. Da zarar an ɗaure ƙafa an daina takawa, gini ya ja baya, rushewa ba ta tsaya ba. Cikin mako ɗaya ko biyu ake fara ganin ragi in an auna, balle wata uku. Waɗanda suka fi saurin zubewa kuwa su ne masu riƙe mutum a tsaye dare da rana, wato gaban cinya da sha-raɓa, daidai inda ka ce taka ta zube. Ƙarfi ma yakan riga kauri tafiya, domin hanyar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙafar ta yi sanyi, shi ne rawar da kake ji in ka tsaya. Abin da nake so ka ji da kyau shi ne, a irin wannan rama zarurrukan ba mutuwa suke yi ba, sirancewa suke yi. Suna nan. A jikinsu ma akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a kwance, waɗanda Alexander Mauro ya gano a 1961, da ke farkawa su taimaka wajen gyara idan aka sa tsoka aiki.

'Yan sama jannati da ke zama a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa haka suke fama. Can babu nauyin da ƙafa za ta ɗauka, don haka sai sun yi wajen awa biyu suna motsa jiki kowace rana, duk da haka sukan sauko ƙafafu sun yi laushi. Ba wanda ya nemi budurwarsu bai samu ba.

Ban faɗi haka don in yi wa gwaggonka ba'a ba. Tsoro ne da ƙauna suka sa ta magana, kuma wanda ya ga ƙafar ɗansa ta koma rabi dole ya nemi dalili. Ka bar ta ta yi maka addu'a, kai ma ka riƙe azkar ɗinka, ba abin da addu'a ke hanawa. Amma da za a kama mutum mafi yawan masoya a Garwa a ɗaure masa ƙafa wata uku, irin taka za a kwance. Inda dalili ya fito fili haka, ban ga hujjar ɗora wa wani bawan Allah zargin sihiri ba, kuma zargi irin wannan in ya shiga unguwa ya fi karaya wuyar ɗori. Kuɗin da za a kashe wajen karya jifa, a kai shi wajen hoton ƙashi.

Wannan shi ne abu na farko da sai an duba. Ƙashin ƙwaurin babban mutum yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe sosai, wani lokaci ya haɗe a karkace, wani lokaci ya ƙi haɗewa. Hannun mai ɗori, komai gwanintarsa, ba ya ganin cikin ƙashi. Ka je babban asibitin yanki na Garwa, ko duk inda ake ɗaukar hoto kuma akwai likitan ƙashi, a ɗauka a gaya maka nauyin da ƙafar za ta iya ɗauka yanzu. Kar ka ɓoye cewa ɗorin gida aka yi maka. Kullum suna ganin irinka, kuma sanin hakan zai taimake su.

Abu na biyu ya fi damuna, kuma za ka iya fara gwada shi yanzu kana karanta wannan. Zauna ka miƙe ƙafafu biyu. Ɗago yatsun ƙafar dama sama, su dubi fuskarka. Sake gwadawa da babban yatsa shi kaɗai. Sannan ka rufe ido, wani ya shafa maka bayan ƙafar, da tsakanin babban yatsa da mai bi masa, da tafin, ya shafa ta hagu a wurare iri ɗaya, ka ji ko akwai bambanci. In ƙafar na ɗagowa ko da da rauni ne, kuma kana jin taɓi ko'ina, alhamdu lillahi, alama ce ramar zama ce kawai. In kuwa ta ƙi ɗagowa, ko kana jan yatsu a ƙasa in kana tafiya har silifa na suɓucewa, ko wani wuri ya mutu ba ka jin taɓi, to jijiyar saƙo ta taɓu. Akwai wata da ke zagayowa ta gefen gwiwa daga waje, a kan wani ɗan ƙashi, fata kawai ta rufe ta, kuma karan ɗori ko ɗauri mai tsanani na iya danne ta. Ita ke ba tsokar gaban ƙwauri umarni. Tsokar da saƙo ya yanke mata ta fi mai zaman banza saurin lalacewa, jijiya kuma in tana sake tsiro, wajen milimita ɗaya take yi a rana. Idan aka ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi saƙo bai iso ba, tsokar kan rikiɗe ta zama kitse da tabo, daga nan ba dawowa. Don haka wannan ba abin a jira bayan biki ba ne.

Haka nan in yatsun sun ƙudundune sun ƙi miƙewa ko da an ja su da hannu, ka nuna wa likita. Ɗauri in ya matse har jini ya kasa isa ga tsoka, takan mutu ta ƙanƙance, lalurar da wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana tun 1881. Sannan in sha-raɓar ta kumbura ta yi zafi ita kaɗai, ko numfashi ya sarƙe maka ba zato, asibiti a ranar, ko da dare ne. Sha-raɓa ce ke matsa jinin ƙafa ya koma zuciya, in ta daɗe ba ta aiki jini na iya daskarewa a jijiyar jini.

In an duba an ce ƙashi ya kama, jijiya lafiya, sai aiki. Ka nemi a haɗa ka da masu gashin ƙashi na asibiti, waɗanda muke ce wa kine. Ko sau ɗaya a mako ka samu ya wadatar, in dai za ka yi abin da suka koya maka a gida kullum, domin a gida ake yin ainihin aikin. Farkonsa abin raini ne. Ka kwanta a tabarma, ka naɗe zane ka sa ƙarƙashin gwiwa, ka danna shi ƙasa har ka ga cinya ta ɗaure, ka ƙirga biyar, ka saki. Ka ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ka sauke ta a hankali. Ka rataya rawani ko gyale a tafin ƙafa ka jawo yatsu wajenka don agarar ta saki, domin ita ma ta gajarce da zama, ita ce za ta hana ka tsuguno da zaman tahiya. Daga baya ka dafa bango ka tashi a kan yatsu da ƙafa biyu, sannan tashi daga kujera ba dafawa, sannan hawa dakali da sauka. Saukar ta fi hawan amfani, ta kuma fi shi wuya, ka yi ta sannu-sannu.

A makonnin farko za ka ji ƙarfi na dawowa amma ido ba zai ga komai ba. Kar ka karaya. Hanyar saƙo ce ke fara gyaruwa, kaurin kuwa sai bayan wata ɗaya da rabi ko biyu yake fara nunawa, kuma dawowa takan fi zubewa daɗewa. Ka samu zare ko ma'aunin tela, ka auna cinya a wuri ɗaya, taƙi guda sama da ƙoƙon gwiwa, sau ɗaya a wata, ka rubuta. Kar ka auna kullum, za ka sa wa kanka hawan jini. Ciwon nama da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan motsa jiki ya wuce da kansa ba komai ba ne. Ciwo mai suka a daidai inda ya karye, wannan kam a dakata a koma wurin likita.

Gashi da ruwan ɗumi da shafa mai suna sassauta gaɓa, suna sa mutum ya ji daɗi, ban hana ka ba. Amma ba su taɓa ƙara wa tsoka ko zare ɗaya ba. In kuma akwai inda ba ka jin taɓi, ka nisanci ruwan zafi gaba ɗaya, sai ka ƙone ba ka sani ba.

Shawarar abokanka ta tasha kuwa, ka jefar da ita. Deksa na cikin magungunan da likitoci suka sani sarai suna cinye tsoka, musamman ta cinya, suna raunana ƙashi, suna ta da sukari. Ƙibar da take kawowa ta kumatu ce da tumbi, kitse da ruwa, ƙafa kuwa sai ta ƙara sirancewa. Wato ainihin abin da kake gudu shi za ka saya da kuɗinka. Tiramol ba ya ƙara ƙarfi, toshe maka jin ciwo yake yi, ka taka ƙashin da bai gama kamawa ba kana ganin ka warke, ga sabo da shi har a kasa bari, ga farfaɗiya da yake jawo wa masu zarce ƙima. Kai da ke tasha ka fi ni sanin samarin da ya mayar abin tausayi. In kana shan taba ma, wannan ne lokacin ajiye ta, tana jinkirta haɗuwar ƙashi.

Abinci ba sai na masu kuɗi ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne, mafi yawan sauran furotin, don haka ka tabbata kowane cin abinci akwai mai gina jiki a ciki: wake, ƙosai, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, awara, kindirmo, ƙwai, busasshen kifin Lagdo a miya. Ƙwai ɗaya na ɗauke da wajen giram 6 na furotin. Tuwo da shinkafa su ba ka ƙarfin yin aikin, waɗancan su ba ka kayan gini. Amma ci ba motsi tumbi kawai zai ajiye maka. In zafin Maris da Afrilu ya shigo, ka san Garwa, ka mayar da motsa jikinka bayan asuba, ka yawaita shan ruwa.

Saura maganar aure. Kar ka haƙura da shi, kar kuma ka ci gaba da ɓuya, domin ɓuyar taka ce ke ba kawun nan abin faɗa. Mutumin da ba a gani, kowa sai ya siffanta shi yadda ya so. Bayan ka ga likita, ka sami babanka ko wanda zai karɓa maka aure, ku je gaisuwa gidan, da sandarka, da hoton ƙashinka in ta kama. A gaya musu abin da likita ya ce, ba ƙari ba ragi. In ya ce ramar zama ce, wata bakwai lokaci ne mai yawa ga mai shekara 26 da ya dage; akwai kyakkyawan zaton ka tsaya a ɗaurin aurenka ba sanda, ko da cinyar ba ta gama cikowa daidai da 'yar'uwarta ba. In ya ce jijiya ta taɓu, su ji daga bakinku kafin su ji a bakin 'yan unguwa, ita ma yarinyar tana da haƙƙin ta sani, kuma ina zaton rashin zuwanka ya fi ramar ƙafarka damunta.

Babur kuwa kar ka yi gaggawar hawa. Ƙafar dama ce mai birki, kuma ba ranka kaɗai ke kai ba. Sai ranar da ka iya tsayawa a kanta ita kaɗai, ka tashi a kan yatsu sau goma sha biyar zuwa ashirin a jere ba ciwo ba rawa, likita kuma ya amince. Kafin nan ka ba wani amintacce babur ɗin ya riƙa kawo maka balas, ku yi yarjejeniyar a gaban shaidu.